Tambaya: ƙananan sabobin OpenLDAP ba sa cim ma babbar saba, ko in koma kwafin dare?

Aminu_K:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota wannan zaure. Ina kula da kwamfutocin wata makaranta mai harabobi uku, kuma kundin da ke riƙe da sunayen ɗalibai da ma'aikata, da kalmomin sirrinsu, da rukunonin da kowa yake ciki, yana kan manhajar sabar kundi mai suna OpenLDAP 2.5 a bisa Ubuntu 22.04. Babbar saba tana hedikwata, ita kaɗai ake rubuta wa sabon bayani, sannan kowace haraba daga cikin sauran biyun tana da ƙaramar sabarta wadda ke ɗauko kwafi ta hanyar syncrepl, wato hanyar da OpenLDAP ke daidaita kundi tsakanin sabobi, a tsarin refreshAndPersist (a fara cike giɓi, sannan a zauna ana sauraron sababbin canje-canje), domin idan layin intanet ya yanke mutanen harabar su ci gaba da shiga kwamfutoci ba tare da jiran hedikwata ba. Tsarin na gaje shi ne daga wanda ya riƙe aikin kafin ni, kuma ya daɗe yana tafiya lafiya.

Matsalar ta kasu biyu. A haraba ta farko, layinsu ya yanke a daidai lokacin rajistar sababbin ɗalibai, kuma tun da ya dawo sai ya zama wasu daga cikin sababbin ɗaliban suna cikin ƙaramar sabar, wasu kuwa babu su sam, alhali dukansu suna nan a babbar saba. Waɗanda suka canza kalmar sirri bayan wannan lokaci ma tsohuwar ce ke yi musu aiki a can. Na kashe slapd, wato manhajar da ke gudanar da sabar OpenLDAP, na sake kunnawa, amma babu abin da ya sauya. A haraba ta biyu kuwa abin ya bambanta: kwafi yana tafiya daidai, sai wata rana a wayi gari ya tsaya cik ba tare da wani saƙon kuskure ba, kuma da zarar na sake kunna slapd sai ya kwashe duk abin da ya bari a baya cikin ɗan lokaci kaɗan.

Wani abokin aiki ya ba ni shawarar in watsar da syncrepl gaba ɗaya, in riƙa fitar da kundin da slapcat kowane dare, in tura fayil ɗin zuwa harabobin, a goge tsohon a loda sabo da slapadd. Hujjarsa ita ce wannan hanya ce da mutum yake ganin kowane mataki nata da idonsa. Ban ƙi ta tasa ba, amma zuciyata ba ta kwanta da ita ba. Shin akwai hanyar da zan gane takamaiman inda kwafin yake maƙalewa, kuma shin kwafin dare mafita ce ta gaskiya? Na gode.

Rabi_Sysadmin:

Wa alaikumus salam, Malam Aminu. Kafin a taɓa komai, ya kamata a fara auna tazarar da ke tsakanin sabobin, kuma ma'aunin yana nan cikin kundin kansa. Duk lokacin da aka canza wata rajista, wato bayanan mutum ɗaya ko rukuni ɗaya a cikin kundin, babbar saba tana buga mata hatimi mai suna entryCSN, wanda ya ƙunshi lokacin canjin har zuwa kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, da lambar sabar da ta yi shi. Hatimi mafi sabunta a cikin kundin gaba ɗaya shi ne contextCSN, kuma yana zaune a tushen kundin. Ka nemi shi daga kowace saba da `ldapsearch -x -s base -b "dc=misali,dc=edu" contextCSN`, kana mai canza adireshin saba a kowane karo. Dole ne ka ambaci sunansa a fili, domin yana cikin siffofin (wato guraben bayanan da ke cikin rajista) da saba ba ta nunawa sai an tambaya. Idan lambar ƙaramar saba ta tsaya a ranar da layi ya yanke, to ka san tun daga ranar ba ta kammala zagaye ko ɗaya ba.

Abin da nake zargi a harabarku ta farko shi ne iyakar adadin sakamako. Idan ba a faɗa masa wani abu ba, slapd ba ya mayar wa mai bincike fiye da rajista 500 a tambaya ɗaya, kuma ba ya barin tambaya ta wuce daƙiƙa 3600. Abin da mutane da yawa suke mantawa shi ne syncrepl ba wata ƙofa ce ta daban ba. Bincike ne na LDAP kamar kowane bincike, sai dai an ɗora masa umarnin daidaitawa da aka bayyana a RFC 4533 ta shekarar 2006. Saboda haka asusun da ƙaramar saba ke shiga da shi yana ƙarƙashin wannan iyaka, sai fa idan shi ne rootdn, wato babban asusun da ke da cikakken iko a kan kundin, wanda kuma bai dace a ajiye kalmar sirrinsa a kowace haraba ba.

Ga yadda abin yake faruwa. Idan ƙaramar saba ta dawo bayan yankewa, takan miƙa wa babbar saba wata alama da ake kira kuki, wadda ke nuna inda ta tsaya, ita kuma ta fara turo duk rajistar da ta canza tun daga nan. A ranakun da aka saba, canje-canjen ba su kai 500 ba, don haka babu wanda ya taɓa lura da iyakar. Mai yiwuwa ma wanda ya kafa tsarin da slapadd ya yi lodin farko, shi ya sa bai ci karo da ita ba. Amma a lokacin rajistar ɗalibai adadin ya zarce, sai babbar saba ta turo na farko-farkon ta yanke da kuskure mai lamba 4. Ƙaramar saba ta adana waɗanda suka iso, amma tun da zagayen bai ƙare ba, kukinta bai matsa gaba ba, kuma ba ta kai ga matakin zaman sauraron sababbin canje-canje ba. Idan lokacin sake gwadawa ya yi, da tsohon kukin za ta koma, a sake ba ta abin da aka ba ta ɗazu, a sake yankewa a wuri guda. Wannan shi ne dalilin da ya sa wasu ɗaliban suka bayyana wasu ba su bayyana ba, kuma sake kunna slapd ba zai taɓa warware shi ba.

Tabbatar da hakan ba shi da wuya. Ka sa olcLogLevel ya ƙunshi stats da sync a sabobin biyu, sannan ka duba rahoton babbar saba ko za ka ga err=4 a ƙarshen binciken asusun kwafi. Idan ka gani, sai ka ƙara wannan a kan ma'ajiyar kundin da ke babbar saba: `olcLimits: dn.exact="cn=maikwafi,dc=misali,dc=edu" size=unlimited time=unlimited`. Da yake ta cn=config ake yi, wato ma'ajiyar saitunan slapd da ake gyarawa yana cikin aiki, ba sai an kashe saba ba.

Tun da ka buɗe wurin, ka duba dokokin izini ma. Asusun kwafi yana buƙatar ikon karanta komai, har da userPassword, kuma dokarsa ta zo a gaban wadda ke ɓoye kalmar sirri, domin slapd yana bin dokokin ne daga sama zuwa ƙasa ya tsaya a ta farkon da ta dace. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Siffar da asusun bai iya gani ba, ba za ta isa ƙaramar saba ba, kuma rajistar da aka ɓoye masa gaba ɗaya tana iya gogewa daga ƙaramar saba, saboda a wani mataki na daidaitawa babbar saba tana lissafo lambobin entryUUID, wato lambar shaida ta kowace rajista, na duk abin da ke nan, ƙaramar kuma ta share duk wanda ba a ambata ba.

Ɗanjuma:

Malama Rabi ta gama da haraba ta farko, ni kuma ta biyun zan taɓa. Tsayawa shiru ba tare da kuskure ba, sannan a farfaɗo da zarar an sake kunnawa, alama ce ta haɗin da ya mutu a tsakiyar hanya ba tare da ɓangarorin biyu sun sani ba. A tsarin refreshAndPersist, ƙaramar saba tana buɗe haɗi ɗaya ne ta zauna tana sauraro, ba ta cewa komai. Da dare ko a ƙarshen mako, lokacin da babu wanda ke canza komai, na'urar tsaron hanyar sadarwa ko rawutar da ke tsakani takan ga haɗin ya daɗe babu motsi, sai ta cire shi daga lissafinta ba tare da ta sanar da kowa ba. Ita ƙaramar saba a wurinta har yanzu haɗin yana nan, don haka umarnin retry ba zai motsa ba, tun da ba ta ga an yanke ba.

Maganinsa shi ne a ƙara `keepalive=240:10:30` a cikin layin olcSyncrepl. Ma'anarsa, bayan daƙiƙa 240 na shiru a fara tura ɗan saƙon gwaji, har sau 10, daƙiƙa 30 tsakanin kowanne; idan babu amsa a ɗauka haɗin ya mutu. Lambar farko ta zama ƙasa da lokacin da na'urarku ke jira kafin ta yanke. Ka kuma tabbata retry ɗinka ya ƙare da alamar tarawa, misali `retry="60 +"`, domin idan adadi aka sa a wurin, yana ƙarewa sabar ta daina gwadawa har sai an sake kunna ta, kuma wannan ma yana iya ba da irin alamar da ka bayyana.

Sai agogo. Tun da saba ɗaya ce ke rubutu, agogonta ne ya fi muhimmanci, domin ita ke buga hatimin lokaci. Idan batirin agogon cikin injin ya mutu, aka ɗauke wuta, injin ya tashi da kwanan wata na baya, to canje-canjen da za a yi a wannan hali za su ɗauki hatimin da ya girmi kukin ƙananan sabobi, kuma ana iya tsallake su. Ka sa chrony, manhajar daidaita agogo, a dukansu, ka kuma tsara yadda slapd ba zai tashi ba sai agogo ya daidaita. Takardar shaidar TLS ma ba ta karɓuwa idan agogon mai dubawa ya kauce daga wa'adinta.

Injiniya_Bashir:

Game da kwafin dare, ra'ayina shi ne kada ka yi, Malam Aminu, kuma dalilina ba na ƙawa ba ne. Kundin masu amfani ba don a ƙara mutane kawai yake ba, har da cire su. Idan aka sallami ma'aikaci da ƙarfe tara na safe aka rufe asusunsa a hedikwata, a tsarin kwafin dare zai ci gaba da shiga kwamfutocin harabobi har gari ya waye. Haka wanda aka sace wa kalmar sirri ya canza ta: tsohuwar tana nan tana aiki a wurare biyu cikin uku. Bayan haka slapadd yana buƙatar a kashe slapd, ke nan kowane dare akwai lokacin da harabar ba ta da kundi, kuma ranar da fayil ɗin ya iso a gutsure saboda layi ya yanke, za a goge mai kyau a loda rabi, sai dai idan an rubuta binciken da zai hana hakan. Duk wanda ya zauna rubuta irin waɗannan binciken zai tarar yana sake ƙirƙiro syncrepl ne da hannunsa, a sigar da ba ta kai ta asali ba.

Tarihin manhajar ma ya nuna inda aka dosa. A da slurpd ake amfani da shi, wanda ke karanta fayil ɗin canje-canje yana tura su ga ƙananan sabobi, kuma idan ɗaya ta ɓace na wani lokaci sai mai kula ya shiga gyara da hannu. An cire shi a OpenLDAP 2.4 da ta fito a 2007, aka bar syncrepl, wanda a cikinsa ƙaramar saba ce ke riƙe da alamar inda ta tsaya kuma ita ke zuwa nema. Wannan tsari ya fi dacewa da wurin da layi da wuta ba su da tabbas.

Inda slapcat da slapadd suke da amfani shi ne lodin farko, ko lokacin da saba ta lalace har ba a yarda da abin da ke cikinta ba. A nan ma da slapcat za a fitar, ba da ldapsearch ba, domin slapcat ne ke tafiya da entryUUID da entryCSN na kowace rajista. Idan aka loda ta ldapadd, kowace rajista za ta sami sabuwar lamba, syncrepl kuma ya ɗauke ta a matsayin baƙuwa. Bayan lodi kada a manta a mayar da mallakar fayilolin ga asusun openldap.

Abin da zan ba da shawara a kai bayan an kashe wannan wuta shi ne delta-syncrepl. Tsarin da kake kai yanzu yana turo rajista sukutum ko da siffa ɗaya ce ta canza. Ga rajistar mutum ɗaya wannan ba komai ba ne, amma rukunin da ke da mambobi dubbai, duk lokacin da aka ƙara mutum ɗaya sai an turo jerin gaba ɗaya, kuma a lokacin rajista hakan yana faruwa sau da yawa a jere a kan layi mai rauni. A delta-syncrepl, ana ɗora accesslog a babbar saba ya riƙa rubuta kowane canji a wata ma'ajiya ta daban, ƙananan sabobi kuma su karanta daga can, a sa musu logbase da logfilter da `syncdata=accesslog`. Sai dai a lura da abu biyu: ma'ajiyar accesslog tana buƙatar nata olcLimits da nata izinin karatu, kuma wa'adin da aka sa wa olcAccessLogPurge ya fi tsawon yankewar da kuke tsammani, domin idan aka share canje-canjen kafin haraba ta dawo, za ta koma cikakken zagaye irin na da.

Aminu_K:

Allah ya saka muku da alheri. Na bi matakan kamar yadda aka jero. Lambar contextCSN ta haraba ta farko tana tsaye a ranar da layi ya yanke, kuma rahoton babbar saba yana nuna err=4 tare da nentries=500 a duk lokacin da asusun kwafi ya shigo. Babu olcLimits a kan ma'ajiyar ko ɗaya. Da na ƙara shi, zagayen ya kammala a gwaji na gaba, lambobin sabobin biyu suka zama ɗaya, ɗaliban da suka ɓace kuma suka bayyana. A haraba ta biyu na tarar retry yana da alamar tarawa, amma babu keepalive, don haka na ƙara shi, zan kuma sa ido a ƙarshen mako.

Saura tambaya ɗaya da ta taso daga nan. Ɗalibi a haraba idan ya nemi canza kalmar sirri daga kwamfutar ɗakin karatu, sai a ce masa saba ta ƙi, kuma rahoton ƙaramar saba yana nuna kuskure mai lamba 53. Shin in mayar da sabobin uku su zama duk ana iya rubuta musu, kamar yadda na ga ana yi da olcMultiProvider?

Rabi_Sysadmin:

Madalla da wannan labari, Malam Aminu. Kuskure na 53 a nan yana nufin ƙaramar saba ta san kwafi take riƙe da shi, ba ta da ikon rubutu, kuma ba a faɗa mata inda za ta tura mai nema ba. Idan ka sa olcUpdateRef mai ɗauke da adireshin babbar saba, za ta daina ƙi, ta riƙa mayar da amsa mai lamba 10 wadda ke nuna wa manhajar mai nema inda za ta je. Da yake ba kowace manhaja ce ke bin wannan nuni ba, ana iya ɗora chain a ƙaramar saba ta kai buƙatar da kanta a madadin mai nema. Idan kuwa kwamfutocin ɗakin karatun da SSSD, manhajar da ke haɗa kwamfuta da kundin masu amfani, suke aiki, hanya mafi sauƙi ita ce a bar ldap_uri yana kallon sabar haraba, a sa ldap_chpass_uri ya kalli hedikwata.

Ban goyi bayan a buɗe rubutu a sabobin uku ba a halin da kuke ciki. Tsarin yana aiki, kuma shi ne wanda ake kira olcMirrorMode kafin 2.5, amma yana buƙatar kowace saba ta sami olcServerID nata, agogunansu kuma su yi daidai sosai, domin idan aka canza rajista ɗaya a wurare biyu lokacin da layi yake yanke, hatimin lokaci ne zai yanke hukunci, wanda ya zo daga baya ya danne na farko ba tare da an tambayi kowa ba. Haka nan ma'aikata biyu a harabobi daban-daban suna iya ba mutum biyu uidNumber ɗaya, wato lambar da kwamfuta ke gane mai amfani da ita, kuma babu sabar da za ta gani sai bayan an haɗu. Rashin iya canza kalmar sirri na 'yan sa'o'in da layi ya yanke ya fi wannan sauƙin ɗauka. Idan damuwar ita ce kada babbar saba ta mutu, to a kafa ta biyu a gefenta a hedikwata, a kan layi ɗaya mai ƙarfi, kuma a riƙa tura rubutu ga ɗaya kawai a kowane lokaci.

Akwai sauran ƙananan gyare-gyare da zan so ka duba kafin rajista ta gaba. A sa fihirisar eq a kan entryCSN da entryUUID a dukkan sabobin, in ba haka ba kowane zagaye sai an bi kundin ɗaya bayan ɗaya. A babbar saba a sa olcSpCheckpoint, misali `100 10`, domin contextCSN a ƙwaƙwalwa yake zaune, kuma wannan ne zai sa a rubuta shi a faifai bayan canji 100 ko minti 10, wanda zai rage aikin da saba za ta yi idan wuta ta ɗauke mata ba shiri. A duba olcDbMaxSize na ƙananan sabobi kada ya gaza na babbar, domin shi ne iyakar girman ma'ajiyar mdb da kundin ke zaune a ciki, kuma idan ta cika ba ta karɓar komai. Sannan a tuna cewa kwafin kundi bai haɗa da cn=config ba: ranar da ka ƙara sabon tsarin siffofi a hedikwata, ka fara loda shi a harabobin kafin ka rubuta rajistar farko da ke amfani da shi, domin ƙaramar saba ba za ta karɓi rajistar da ba ta san ajinta ba, kuma a nan kwafin zai sake tsayawa. Idan kuna amfani da ppolicy wajen kulle asusu bayan an yi ta kuskuren kalmar sirri, ƙidayar kuskuren da aka yi a haraba a can take tsayawa, sai an kunna olcPPolicyForwardUpdates tare da chain ɗin da na ambata kafin ta isa hedikwata.

Game da sa ido kuwa, ɗan gajeren umarni da cron, manhajar gudanar da aiki a kan lokaci, zai riƙa gudanarwa duk bayan minti biyar, ya kwatanta contextCSN na sabobin uku, ya aiko maka da saƙo idan bambancin ya daɗe fiye da minti goma sha biyar, ya isa. Ka sa shi ya gudana daga wani inji dabam, ba daga babbar sabar kanta ba.